Uwargida Mai Fara Gudu: Shin Dole Sai Da Garin Furotin?

A 'yan shekarun nan mata da dama sun farga da muhimmancin motsa jiki, musamman waɗanda likita ya gargaɗa game da ƙiba, hawan jini ko ciwon suga. Wata takan zagaya tsakar gida bayan asuba, wata ta bi ƙawayenta filin makaranta, wata kuma maigida ya sayo mata injin gudu ta ajiye a ɗaki. Wannan abin a yaba ne, domin kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu.

Sai dai da zarar mace ta fara, sai ga masu talla sun yi mata caa a waya, suna nuna mata manyan robobi na wani gari da ake damawa da ruwa ko madara a sha bayan motsa jiki, wanda ake kira garin furotin. Har sukan ce in ba ta sha cikin rabin awa da gama gudu ba, ta yi wahalar banza. Kuɗin roba ɗaya kuwa ya isa cefanen kwanaki. Shi ya sa ya kamata mu tsaya mu duba gaskiyar lamarin kafin kuɗin miya su tafi ga abin da ba lallai ba.

Mene ne wannan gari?

Furotin shi ne sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa. Da shi jiki ke gina tsoka, yana kuma gyara inda ta gaji. Mafi yawan garin da ake sayarwa daga madarar shanu ake samo shi. Idan ana yin cuku, madara takan rabu biyu, gudajin da ruwan, to wannan ruwan ne ake tacewa a busar ya koma gari, a ƙara masa zaƙi da ƙamshi. Akwai kuma wanda ake yi da waken suya. Cokalin awo ɗaya yakan ƙunshi giram 20 zuwa 25 na furotin. Ke nan abinci ne da aka sarrafa don sauƙin ɗauka, babu wani sirri a cikinsa da babu shi a tukunyarki.

Nawa jiki ke bukata?

Ma'aunin da masana abinci suka daɗe a kansa shi ne giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin baligi a rana. Macen da nauyinta ya kai kilo 60 tana bukatar giram 48 ke nan. Ga 'yan wasa masu atisaye sosai, manyan ƙungiyoyin masana abinci da likitancin wasanni na Amurka da Kanada sun ba da ma'aunin giram 1.2 zuwa 2.0 a shekarar 2016. Ko da mun ɗora waccan mace a farkon ma'aunin 'yan wasa, giram 72 ne kacal a yini guda.

Yanzu mu leƙa madafa. Ƙwai biyu suna da kimanin giram 12. Kofi ɗaya na dafaffen wake kimanin giram 13. Kofin nono ko madara giram 8. Yankan kifi ko nama mai girman tafin hannu giram 20. Gyaɗa cikin hannu ɗaya giram 7. Jimilla giram 60, kuma ba mu lissafa na cikin tuwo, shinkafa, burodi da gero ba, waɗanda su ma suna da nasu kaso, wanda zai kai lissafin sama da 70. Ga kuma awara, ƙuli-ƙuli, alala, ɗanwake da miyar agushi, duk masu arha ne idan aka gwada da waccan roba.

Gudun mai farawa ba ya cin tsoka haka

Akwai wani sanannen tsari na koyon gudu da hukumar lafiya ta Birtaniya ke yaɗawa, wanda ke kai mutum ga gudun kilomita 5 cikin mako 9. Sau uku ake fita a mako, kuma a makon farko gudun minti ɗaya ake yi, a yi tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita har kusan minti 20. Irin wannan aiki abin da ya fi ci shi ne sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta, da kitse, sai ruwan da ke fita ta gumi. Saboda haka abin da mai farawa ta fi bukata idan ta gama shi ne ruwa, sannan abincinta na yau da kullum.

Batun rabin awar nan ma an bincika shi. A 2013 wasu masana uku, Schoenfeld da Aragon da Krieger, sun tattara bincike sama da 20 a kan masu ɗaga ƙarfe, suka gano cewa jimillar furotin da mutum ya ci a yini ita ce ke tasiri, fiye da daidai lokacin da ya ci. In haka ne ga masu neman tara ƙwanji, ina ga mai zagaya fili sau huɗu? Idan kin yi gudu da safe kika karya kumallo bayan awa ɗaya ko biyu, kin biya bukata. Ciwon cinyoyi da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan farawa kuwa alama ce ta jikin da bai saba ba, yana raguwa da hutu da ci gaba a hankali.

Abin da gwanayen gudu ke ci

Duk duniya an san 'yan Kenya da gudun dogon zango, musamman 'yan ƙabilar Kalenjin da ke tsaunukan yammacin ƙasar. A 2004 an wallafa wani bincike kan abincin wasu fitattunsu a sansanin atisaye. An samu kusan kashi 76 cikin 100 na ƙarfin da suke samu daga abinci mai sitaci da sukari ne, furotin kuwa kusan kashi 10. Cimarsu ita ce ugali, wato tuwon masara, da kabeji, wake, shinkafa, ɗan nama, da shayi mai madara da yawa. Mutanen da ke gudu safe da yamma ke nan, kuma abincin gida ya riƙe su.

Inda matsalar take

Ta farko ita ce ƙiba. Yawancinmu don rage teɓa muka fara. Mace mai kilo 70 da ta yi gudun kilomita 3 ta ƙona kalori 200 ko sama da haka kaɗan. Idan ta dama garin da madara, ta jefa ayaba da zuma, kofin zai iya wuce kalori 300, sannan ta zauna ta ci abincinta kamar kullum. Bayan wata biyu sai ta hau sikeli ta ga babu canji, ta yi fushi ta daina gudun, alhali laifin na kofin ne.

Ta biyu ita ce inganci. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikinsu, dokar 1994 ba ta wajabta wa hukumar abinci da magunguna ta amince da irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa ba. A 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Consumer Reports ta gwada nau'i 23, ta samu fiye da kashi biyu cikin uku suna ɗauke da gubar dalma sama da iyakar da ƙungiyar ta ɗauka amintacciya a rana. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Balle wanda ake ƙullawa a leda babu suna babu lambar NAFDAC.

Ta uku, mai ciwon ƙoda an fi son ta taƙaita furotin bisa umarnin likita, kuma ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda ba tare da mutum ya sani ba. Duk mai ɗayansu kada ta sha sai an yi mata gwaji. Wasu kuma garin yakan kumbura musu ciki, musamman waɗanda madara ba ta karɓe su ba. Sannan akwai nau'in da ake yi da fata da ƙashin dabbobi, har da alade, don haka karanta abin da aka rubuta a jikin roba wajibi ne.

Mai ciki, mai shayarwa da 'yan samari

Gaskiya ne bukatar mai ciki da mai shayarwa ta fi ta sauran mata, domin takan kai giram 71 a rana. Amma ƙarin ƙwai, kunun gyaɗa, nono da kifi sun fi mata aminci, kuma suna zuwa da sauran sinadaran da jariri ke bukata. Haka nan idan ɗanki saurayi ya fara ƙwallo ko ɗaga ƙarfe ya matsa sai an saya masa, ki ƙara masa wake da ƙwai, ki kuma san abin da abokansa ke ba shi, don ana gauraya wasu da magungunan ƙara ƙarfi masu illa.

Akwai waɗanda garin ke yi wa amfani, kamar mara lafiyar da ba ya iya cin abinci, tsohon da tsokarsa ke zubewa, ko ɗan wasa mai atisayen sa'o'i da ba ya samun zama ya ci. Waɗannan likita ko masanin abinci ne zai tsara musu.

Abin yi bayan gudu

Ki sha ruwa da farko. Sannan ki ci abin da ya haɗa mai ba da ƙarfi da mai gina jiki: koko da ƙosai, fura da nono ba tare da cika sukari ba, burodi da ƙwai, ko shinkafa da wake. Ki rarraba masu gina jikin a kan karin safe, rana da dare, kada ki tara su a ci ɗaya. A watan azumi ki mayar da motsa jikin bayan buɗa-baki ko dab da shi, ki kuma sassauta. Kuɗin da kika yi niyyar kashewa a kan roba, ki sayi takalmi mai kyau da zai kare miki gwiwa, ragowar ki sa kiret ɗin ƙwai da mudun wake, kowa a gidan ya amfana.

Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani, mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.