Masu Hidimar Ƙwaƙwalwa da Ciwon Taɓin Hankali

Yaro ya taso lafiya lau, ya gama sakandare, sai a ga ya daina shiga mutane, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa alhali babu kowa. Sau da yawa haka sikizofireniya ke farawa, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana damun mutum kusan miliyan 24. Me ya sa yawanci sai an kai samartaka yake bayyana?

Shekaru da dama hankalin likitoci na kan ƙwayoyin jijiya masu aika saƙo, waɗanda suka kai biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum. Amma akwai wasu ƙwayoyin, kusan daidai da su a yawa, da ake kira giliya. Tun 1856 Bajamushe Rudolf Virchow ya raɗa musu suna, aka ɗauke su 'yan rakiya kawai. Ashe su ke ciyar da jijiyoyi, su naɗe su da rigar kitse don saƙo ya yi sauri, su share datti.

Wani jinsinsu, maikurogiliya, shi ke rage mahaɗun jijiyoyi da ba a amfani da su, kamar yadda mai lambu ke sare rassan mangwaro, kuma aikin kan yi tsanani lokacin samartaka. A 2016 Steven McCarroll da Beth Stevens da abokan aikinsu a Jami'ar Harvard suka gano cewa ƙwayar gado mai suna C4, wadda ke yi wa mahaɗu alamar a cinye su, idan ta cika aiki haɗarin kamuwa na ƙaruwa. Wato ana zaton saran ne ke wuce gona da iri.

A 2017 Steven Goldman na Jami'ar Rochester a Amurka ya samar da giliya daga ƙwayoyin fatar masu ciwon, ya dasa a ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye. Ɓerayen suka taso da fargaba, da guje wa 'yan'uwansu, da rashin barci mai kyau.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. An gwada maganin minosaikilin, mai kwantar da maikurogiliya, a kan masu ciwon a Birtaniya, amma sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna wani amfani ba. Magungunan da ake bayarwa a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano har yanzu sinadarin dofamin suke dannewa, kuma ga mutane da yawa suna kashe muryoyin da suke ji. Duk wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗansa, ya kai shi asibiti da wuri.