Keken Ƙato: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, magidanta da yawa a birane da ƙauyuka suka jingine babura suka koma neman keke. To, amma a cikin masu zuwa kasuwar akwai waɗanda ba kowane keke ne zai ɗauke su ba, watau dogayen mutane majiya ƙarfi, irin waɗanda tsawonsu ya kai ƙafa 6, nauyinsu kuma ya tasam ma buhun masara. Irin wannan mutum idan ya yi gaggawa, kuɗin da ya daɗe yana tarawa a rumfar mai gyara za su ƙare.

Abin da ya fi ruɗin mai saye shi ne kekunan gwanjo da ake kira Kwatano. Ga fenti mai ɗaukar ido, ga giya barkatai, ga sauƙin kuɗi. Sai dai da yawansu an ƙera su ne domin samari da matsakaitan mutane. Dogo yana hawa sai ya ga gwiwarsa na neman dukan kan keken, sai ya zaro ƙarfen sirdi sama har ya kusa fita. A nan ɓarnar take. A jikin ƙarfen nan akwai zane wanda masu ƙira suka yi, ba a son a zaro shi ya wuce wurin, domin dole a bar kamar inci 3 a cikin firam. In aka ƙetare, duk ramin da aka faɗa nauyin mutum yana banƙarar bakin firam ɗin, har ranar da zai tsage, galibi kuwa a tsakiyar tafiya da kaya a baya.

Saboda haka awon farko na firam ne. Baƙin keken nan na iyaye da kakanni, mai ƙafa inci 28 da birkin ƙarfe, wanda kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila ya yi suna da shi har ya taɓa kafa masana'anta a Kano, yakan zo da firam inci 22 ko 24, in an auna daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa inda ƙarfen sirdi ya shiga. Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya duk wannan ƙira suka bi. Dogo na 24 zai nema, in da hali mai sanda biyu. Ya hau, ya ɗora dunduniya a kan feda sa'ad da take ƙasa: in ƙafarsa ta miƙe ba tare da an zaro sirdi fiye da kima ba, keken nasa ne.

Bayan firam sai ƙafar baya, wadda ita ce jakar gidan, domin kusan kashi biyu cikin uku na nauyin mahayi a kanta yake sauka, balle a ƙara da kayan kariya. Turawan Ingila sun san haka, shi ya sa tsofaffin kekunansu ke da wayoyi 40 a ƙafar baya, 32 a gaba. Na yanzu da yawansu 36 ne. Mai nauyi kada ya yarda da ƙasa da haka a baya, kuma ya roƙi a ɗaura masa masu kauri. Wayar takan karye ne a lanƙwasarta ta kusa da cibiya, kuma da ɗaya ta tafi sai maƙwabtanta su ɗauki nauyinta, su ma su bi ta. Ya kamata a ɗaga keken a juya ƙafar a ga ko tana rawa, a kuma matsa wayoyin biyu-biyu a ji ko akwai mai sako-sako. Bayan mako biyu da fara hawa a koma wa mai gyara ya sake ɗaure su. Ƴan kuɗi ne kaɗan, amma mutane sun fi ƙyashinsu.

Akwai kuma maganar ƙarfe. Firam na alminiyam ba shi da nauyi, amma in ya tsage mai walda na bakin hanya ba abin da zai iya yi masa. Na baƙin ƙarfe kuwa ana ɗinke shi a kowace kasuwar ƙauye, kayan gyaransa ma ba sa wuya. Tsohon Raleigh wanda bai taɓa karo ba yakan fi sabon keke mai araha ƙarko. A duba bayan wuyansa, in fenti ya tattare ko ya fashe a wurin, alamar ya taɓa cin karo ke nan.

Iska ma ba abin rainawa ba ce. Tayar da ba ta cika ba, in ƙato ya hau dutse da ita, bakin garegare yakan datse tub ya yi huda biyu gefe da gefe kamar saran maciji. Wanda ya ga irin wannan faci yana yawaita, famfo ya kamata ya saya ya riƙa ɗaure shi a jikin keken.