Yadda Wayoyi Ke Hira Ba Tare da Sabis Ba

A zanga-zangar Hong Kong ta 2014, dubban mutane sun sauke manhajar FireChat, wadda a lokacin ke aika saƙo ko babu sabis. Waya ce ke miƙa wa maƙwabciyarta saƙon ta Bluetooth ko Wi-Fi, ita ma ta miƙa gaba, har ya isa.

Riƙe rukunin wayoyin a haɗe ne jan aiki. Jama'a ba sa tsayawa wuri ɗaya, da na tsakiya ya gusa sai hanya ta yanke. Shi ya sa wasu tsare-tsaren ke naɗa waya ɗaya shugaba, ta riƙe jerin mambobi. Sarautar kuwa akwai cin batir, don haka ake yin karɓa-karɓa.

Tsaro kam da sauran aiki: a FireChat ta lokacin, duk wanda ke kusa yana iya karanta hirar.