Ina mai jin yunwa zai nufa? Tallafin abinci a Birnin Kebbi da ƙauyukan Argungu

Fadamar kogin Rima tana cikin manyan wuraren noman shinkafa a Nijeriya. Shi ya sa a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance a Nuwamba 2015, aka kuma buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. Duk da haka, akwai gidajen da ke kwana ba a ɗora tukunya ba. Ina irin waɗannan gidaje ke samun agaji? Mu bi abin daki-daki.

Mu fara da birni. A Birnin Kebbi hukumomi suke, da 'yan kasuwa da manyan masallatai. Idan azumi ya zo, ana dafa kunu da ƙosai da shinkafa a raba wa mabuƙata. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, buhunan hatsin gwamnati ma daga birni suka fara fita. Amma yawancin wannan rabo na lokaci ne. Da an sha ruwan sallah sai layi ya watse.

Ƙauye kuwa da nasa tsarin. Rumbu shi ne asusun magidanci, sai zakkar hatsi. Wanda ya girbe abin da ya kai nisabi, wato sa'i 300, zai fitar da kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da gonar. Idan da injin ban ruwa ya yi noman rani, kashi ɗaya cikin ashirin ne. Ga kuma zakkar kono da ƙwaryar tuwon da maƙwabciya ke miƙowa ta kan zana.

To ina giɓin yake? Wuri biyu. Na farko, zakka da kaka take fita, lokacin da kowa ke da ɗan abin hannu, alhali yunwa da marka take cizo, wajen Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Na biyu, idan ambaliya ta zo, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafar Kebbi a 2020, mai bayarwa da mai karɓa duk ruwa ɗaya ya ci su. Kafin agaji ya iso daga birni, hanya ta yanke.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da wata dabara: bankin hatsi na gari. Ana sayen hatsi da kaka yana araha, a adana a ƙarƙashin kwamitin da gari ya zaɓa, a sayar da sauƙi ko a ba da rance da damina. Masarautun Gwandu da Argungu suna da hakimai da dagatai da limamai da suka san kowane gida. Idan aka gina irin wannan rumbu a kan tudu a kowace gunduma, aka riƙe shi da amana, talakan ƙauye ba zai ƙara jiran motar birni kafin ya ciyar da 'ya'yansa ba.