Yadda Ake Shirya Sa Hannu a Wasiƙar Imel

Duk wanda ya koyi rubutun wasiƙa a aji ya san cewa wasiƙa ba ta cika sai an rufe ta da sunan mai ita. Bayan gaisuwa da bayanin abin da ke tafe da mu, mukan rubuta "Ni ne naka" ko "Ni ce taka", sa'an nan mu sa hannu. A yau yawancin wasiƙunmu ta imel suke tafiya, amma wannan ƙa'ida tana nan daram. Bambancin kawai shi ne kwamfuta ko waya tana iya ɗauke mana wannan aiki. Sau ɗaya za mu rubuta bayaninmu, ita kuma ta riƙa liƙa shi a ƙarshen kowace wasiƙa. Wannan shi ake kira sa hannun imel.

Me ya sa yake da muhimmanci?

Sau da yawa adireshin imel ba ya nuna ko wane ne mai shi, domin wasunmu da laƙabi suka buɗe shi. A ce ɗalibi ya gama aji shida, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a, ko yana neman tallafin karatu. Ma'aikacin da zai karanta yana da wasiƙu jibge a gabansa. In bai ga cikakken suna da lambar waya ba, ba lalle ne ya tsaya bincike ba, sai ya wuce ta gaba. Ta haka ne mutum kan rasa abin da ya cancanta saboda layi uku da bai rubuta ba.

Abin da ya kamata ya ƙunsa

A shekarar 1995 aka fitar da wata takarda mai lamba RFC 1855 a kan ladubban amfani da intanet. Ta ba da shawara kada sa hannu ya wuce layi 4, domin a lokacin mutane da yawa suna biyan kuɗin intanet ne bisa yawan mintocin da suka yi a kai. Ko da yake Gmail yana ba da damar rubuta haruffa har 10,000 a wannan wuri, shawarar tana da amfani har gobe. Layi huɗu sun ishe mu:

1. Cikakken suna kamar yadda yake a takardun makaranta.
2. Aji ko muƙami, misali ɗalibin SS3 ko malamin lissafi.
3. Sunan makaranta ko wurin aiki, da gari.
4. Lambar waya. In wasiƙar za ta ƙasar waje, a fara da +234 a cire sifilin farko.

Yadda ake shirya shi

Bari mu ɗauki Gmail, wanda kamfanin Google ya buɗe a shekarar 2004. A kwamfuta, sai mu duba sama ta hannun dama, za mu ga wata 'yar alama mai kama da taya mai haƙora. Mu danna ta, mu zaɓi See all settings. Mu gangara ƙasa har inda aka rubuta Signature, mu danna Create new, mu ba sa hannun suna, sa'an nan mu rubuta bayaninmu a cikin akwatin da ya bayyana. Ƙasa kaɗan akwai wurin da za mu zaɓi ko ya fito a sababbin wasiƙu kawai, ko har da amsoshi. Daga ƙarshe mu gangara can ƙasan shafin mu danna Save Changes. Nan ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe, domin in ba a danna shi ba, duk aikin ya tashi a banza.

A waya kuwa, sai mu shiga Settings na manhajar Gmail, mu nemi wurin sa hannu na adireshinmu. Outlook da Thunderbird su ma suna da irin wannan wuri a cikin saitinsu. Da mun gama, mu aika wa kanmu wasiƙa ɗaya, mu ga yadda ta fito a kwamfuta da kuma a waya.

Ana iya shirya sa hannu fiye da ɗaya. Na abokai da 'yan'uwa yana iya ɗaukar karin magana ko wata kalmar ƙarfafa zuciya. Na ofis kuwa a bar shi da suna, muƙami da lamba, ba launuka barkatai ko manyan hotuna. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abubuwan kiyayewa

Wasiƙar imel tana iya zuwa hannun wanda ba mu taɓa sani ba, domin ana tura ta gaba cikin sauƙi. Saboda haka kada mu sa lambar BVN ko NIN, ko lambar asusun banki, ko kwatancen gida. Kada kuma mu ɗauki hoton sa hannunmu na biro mu liƙa, gama ɗan damfara yana iya kwafe shi ya ɗora a wata takarda.

Haka nan mu tuna cewa sa hannun imel ba hatimi ba ne. Kowa yana iya rubuta "Manajan Banki" ko "Shugaban Makaranta" a ƙarƙashin wasiƙarsa. In saƙo ya zo yana neman kuɗi, mu duba adireshin da ya fito daga ciki, mu kuma kira mai sunan a lambar da muka riga muka sani.

Mu ma sai mu riƙe gaskiya a namu. Kada mu ɗora wa kanmu muƙamin da ba mu kai ba. In mun canza aji, lambar waya ko wurin aiki, mu koma mu gyara nan da nan. Muna shawartar ɗalibanmu masu fita bana su shirya nasu tun kafin su fara aika takardun neman shiga manyan makarantu.