Sirrin Wanke Gilashin Taga Yana Cikin Ɗauraya

Duk makarantar da ke da tagogin gilashi a Zango, ko a Daura da kewayenta, ta san wannan matsala tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris: a wanke taga da safe, kafin azahar ta yi dabbare-dabbare kamar ba a taɓa ta ba. Akan ɗora laifin a kan mai wankin, a ce bai goge da ƙarfi ba. Ilmin kimiyya kuwa ya nuna cewa ƙarfin guga ba shi ne magani ba, sau da yawa ma shi ne ke ɓata gilashin. Abin da ke raba aikin gwani da na ɗan koyo shi ne yadda ake zuba ruwa, da kuma yadda ake raba gilashin da ruwan.

Da farko ya kamata a san abin da ke kwanciya a kan gilashin. Kaso mai yawa na hazon hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. A cikin tafkin an yi wasu halittu 'yan mitsi-mitsi dangin gansakuka, masu suna dayatom, waɗanda ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. Kowace ɗaya tana gina wa kanta ɓawo da sinadarin silika. Da tafkin ya ƙafe, sai ɓawonsu ya zama farar ƙasa mara nauyi wadda iska ke kwasa. Abin mamaki, silika ɗin nan ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na gilashin taga kansa. Malamin da ke da madubi a ɗakin gwaji zai iya sa ɗalibai su debo ƙurar taga su duba.

Tare da wannan farar ƙasa akwai ɓarɓashin kwaz, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi. A ma'aunin tauri da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana mataki na 7, gilashin taga kuwa wajen 5 da rabi. Ma'ana, ƙura ta fi gilashi tauri. Wanda ya sa busasshen tsumma ya dirje taga mai ƙura, kankare ta yake yi da yashi. Zanen farko ba ya ganuwa, amma bayan 'yan shekaru gilashin zai dushe, kuma babu wankin da zai maido da shi. Saboda haka ɗaurayar farko tana zuwa ne kafin hannu ya taɓa gilashin: a kwarara ruwa daga sama zuwa ƙasa ya tafi da yashin, sa'an nan a kawo soso.

Sabulu kaɗan ake bukata. Aikinsa shi ne ya narkar da maiƙo, ya kuma rage ƙarfin da ke sa ruwa ya dunƙule ya zama ɗigo, don ya bazu a kan gilashin. Yawan kumfa ƙarin aiki ne kawai.

Matsala ta biyu tana cikin ruwan kansa. Ruwan rijiya da na burtsatse sun ratsa ƙasa da duwatsu, sun narkar da sinadarai irin su kalsiyam da magniziyam. Ido ba ya ganin su. Amma idan ɗigo ya bushe, ruwan ne kaɗai ke tashi ya zama tururi, gishirin kuwa yana nan. Ga lissafi mai sauƙi: in lita ɗaya tana ɗauke da miligiram 300 na narkakken gishiri, aka bar mililita 20 ta bushe a kan taga, an bar miligiram 6 ke nan. Kaɗan ne, amma ba a warwatse yake zama ba. A 1997 wasu masana a Jami'ar Chicago ta Amurka sun bayyana dalili: gefen ɗigo ya fi tsakiyarsa saurin bushewa, sai ruwa ya riƙa gangarawa daga tsakiya zuwa gefe yana jan abin da ke cikinsa. Shi ya sa tabon yakan fito kamar farin zobe. A busasshiyar iskar hunturu, ko a kan gilashin da rana ta gasa, wannan yakan faru kafin mai wanki ya juya ya ɗauki tsumma. Don haka gwanaye sukan yi aiki da sassafe, ko su bi ɓangaren ginin da ke inuwa.

Hanya biyu ce ta guje wa tabon. Ta farko ita ce a kwashe ruwan kafin ya bushe, da roba mai mariƙi irin waifar mota, wadda wani ɗan Italiya mazaunin Amurka, Ettore Steccone, ya kyautata ƙirarta a 1936. Ana jan ta daga sama, kowane ja ya ɗan hau kan na baya, ana share bakin robar bayan kowane ja. Ta biyu ita ce a ɗauraye da ruwan da babu gishiri a cikinsa. Masu wannan sana'a a Ingila suna tace ruwa har narkakken gishirinsa ya koma ƙasa da miligiram 10 a lita, su tura shi ta cikin doguwar sanda mai buroshi, su bar taga ta bushe da kanta ba tabo. A ƙasar Daura abin da ya fi kusa da wannan shi ne ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, bayan ruwan farko ya wanke kwanon rufi. Tsohon tabo kuwa ruwan lemun tsami yakan narkar da shi, a ɗauraye nan take.

Daga nan ne maganar farashi ta taso. A nan an saba da jinga: a dubi gini a yanke kuɗi gaba ɗaya. Illar wannan ita ce, in an matse kuɗin, abin da mai aiki zai fara ragewa shi ne ruwa, tunda jarka-jarka yake saye a wurin 'yan ga-ruwa. Sai ya wanke tagogi goma da bokiti guda, ya tsallake ɗaurayar farko. Lissafi da yawan tagogi ma yana da ruɗi. Tagar aji mai jeri biyu na fallayen gilashi, takwas-takwas, tana da fallaye 16, wato fuska 32, ga gefuna masu yanka hannu, kuma robar ba ta shiga tsakaninsu sosai. Ta fi babban gilashin banki cin lokaci nesa ba kusa ba. Ciniki na adalci zai duba yawan fuskoki, da tsawon da sai an hau tsani, da daɗewar dattin, da kuma wanda zai kawo ruwa.

Shi kuma mai biya kada ya duba aiki gilashi yana jiƙe, domin jiƙaƙƙen gilashi kowane iri ne sheƙi yake yi. Ya jira ya bushe, ya tsaya daga cikin ɗaki ya dube shi ta gefe inda haske ke faɗowa, ya lura da kusurwoyi da ƙasan firam, inda ruwan datti yakan taru ya sake gangarowa.