Tsohon babur a New Bell: ruwa ne ke cin sa

A New Bell ta Duwala, unguwar da Jamusawa suka yanka a 1914 lokacin da suke korar 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri, kuma inda Hausawa fatake suka kafa tasu unguwar, za ka iya shiga zaure ka tarar da babur jingine da bango, an rufe shi da buhu. Na baba ne, ko na kawu. Yamaha ce ko Suzuki, ko Honda CG125, wani lokacin ma Mobylette ta Faransa. Tun da 'yan acaba, waɗanda a nan ake kira benskin, suka cika gari bayan yajin aikin gama-gari na 1991, sannan baburan Sin irin su Sanili da Nanfang suka shigo da araha, aka ture tsofaffin gefe.

Mai son tada irin wannan a tsakar gidansa ya fara sanin abin da ya kwantar da shi. A Kano ƙura ce ke cinye inji. A Duwala ruwa ne, domin ruwan saman da ake yi a shekara ya haura milimita 3,500, ninki uku da wani abu na abin da Kano ke samu, ga iskar teku mai laima da gishiri. Babur da aka ajiye da rabin tanki, iskar da ke ciki kan yi raɓa da dare, raɓar ta gangara ƙasan fetur tun da ta fi shi nauyi, ta zauna tana cin ƙarfe. Don haka aikin farko na tanki ne, ba na fenti ba. A cire shi, a zuba 'yan notina a girgiza har tsatsar ta saki, a jiƙa da ruwan khal ya kwana, a ɗauraye, a busar sarai. Wanda ya tsallake wannan zai wanke kafireta sau goma tana sake toshewa, yana zagin mai sayar da fetur.

Sai inji. Idan kik ya ƙi motsi, kada a hau shi da ƙarfi, zoben fistin ne ya manne da tsatsa, kuma ƙarfi karya shi zai yi. A kwance filogi, a ɗiga baƙin mai ko gas ta ramin, a bar shi kwanaki, sannan a riƙa juyawa a hankali. Wayoyi ma ruwan bai bar su ba: a duba bakinsu, inda tagulla ta koma kore a goge ko a yanke. Sau da yawa babur da aka yanke wa hukuncin mutuwa wayar da ke haɗe da jikinsa ce kawai ta ruɓe. Tsofaffin da yawa kuma wutar bolt 6 suke amfani da ita, batir mai 12 zai ƙona musu ƙwan fitila.

Mai CG125 ya fi kowa sa'a. Honda ta fitar da shi a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda mutane ke lafta wa babur kaya ba sa damuwa da canja mai, sai suka ƙera inji mai sauƙi da zai jure sakaci. Kamfanonin Sin sun kwaikwayi wannan injin, shi ne a cikin yawancin baburan da suka kore shi daga titi. Sakamakon haka fistin da zobe da gasket na sabon ɗan Sin kan shiga tsohon ɗan Japan, kuma ana samun su a Camp Yabassi, kasuwar kayan gyara da 'yan kasuwa Ibo suka yi fice a cikinta. A ganina dai, duk abin da ke gyaruwa na asali a gyara shi. Kafiretar Keihin da aka wanke da kyau ta fi sabuwar kwaikwayo. A tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, a gwada a gaban mai shago, don kama da wane ba ta wane.

Masu inji mai bugu biyu, irin Mobylette da Suzuki A100, nasu ya fi wuya, kayansu sai an bi gareji-gareji ana tambayar tsofaffin kanikawa. Kuma man da ke gauraya da fetur shi kaɗai ke shafe cikin injin, in ya yanke fistin ya kama.

Birki da taya a saya sababbi kawai. Roba mai shekara 20 ta bushe ko da zanenta bai goge ba, titin New Bell kuwa da damina santsi ne da ramuka cike da ruwa.

Kafin a kashe sefa ko ɗaya, a nemo takardar mallaka, carte grise, a gwada lambarta da wadda aka buga a jikin babur. Na gado galibi da sunan marigayi take, kuma sai magada sun amince a rubuce kafin a mayar da ita sunan wanda ya gyara.